Tsibirin Yashi da Mas'alar Ƙaddara

A ƙasar Amurka, wanda duk yake so a shaide shi da ƙwarewa a sana'ar tsara birane, har hukuma ta riƙa jin shawararsa game da inda za a yanka filaye, da inda za a ja hanya, da inda za a hana gini ko da mai fili zai yi ta kuka, akwai wata jarrabawa da yakan zauna a ƙarƙashin ƙungiyar ma'abota wannan sana'a, wadda in ya ci sai ya riƙa liƙa haruffan AICP a bayan sunansa. Galibin abin da ake tambaya a cikinta ya shafi dokoki ne, da tarihin sana'ar, da ladubbanta, da lissafin yawan jama'a. Amma a cikin abin da ɗalibai suke haddacewa kafin ranar akwai wani ɗan babi wanda mai kallo daga nesa zai zaci an cusa shi ne don a wahalar da su, watau sunayen siffofin ƙasa waɗanda teku take ginawa tana rushewa a gaɓarta, da waɗanda ƙanƙarar zamanin da ta bari a bayanta sa'ad da ta janye: moren, da diramlin, da eska, da tsibirin kariya, da harshen yashi, da tombolo, da makamantansu.

Ni kuwa a ganina wannan ɗan babi ya fi sauran nauyi in an ɗora shi a kan mizanin shari'a, domin a ƙarƙashinsa akwai wata mas'ala da malaman tauhidi da na fiƙihu suka daɗe suna juyawa. Idan teku ta ci gari, ko ƙasa ta zame da gidaje da mutanen cikinsu, mukan ce ƙaddara ce, mu yi istirja'i, kuma gaskiya muka faɗa, domin babu abin da yake aukuwa a bayan ƙasa face da sanin Mahalicci da nufinsa. Tambayar ita ce, shin wannan kalma tana wanke mutumin da ya san irin ƙasar tun kafin a haƙa harsashi, ya san sunanta, ya san ɗabi'arta, aka ba shi takardar shaida a kan ya sani, sa'an nan ya sa hannu aka yi gini?

Kafin a amsa, wajibi ne a fahimci abin da sunayen nan suke nufi, kuma a nan sai mai karatu ya yi haƙuri, domin mu da ƙanƙara ba ta sauko mana sai jefi-jefi a cikin ruwan bazara, ta yage ganyen dawa ta narke nan take, da wuya hankalinmu ya sawwara ƙanƙarar da ake magana a kanta. A ƙasashen sanyi da ƙololuwar manyan duwatsu, dusar ƙanƙara takan sauka bana ta tarar da ta bara ba ta narke ba, ta hau kanta, baɗi ma haka, har nauyin ta sama ya danne ta ƙasa ta zama daskararren dutse. In kaurinta ya kai wani haddi sai ta soma malala a hankali saboda nauyin kanta, tana karce falalen dutsen da ke ƙarƙashinta, tana niƙe shi, tana tura ɓaraguzai a gabanta. Masana sun tabbatar da cewa kimanin shekara 20,000 da suka wuce irin wannan ƙanƙara ta lulluɓe kusan dukan Kanada, da arewacin Amurka, da ƙasashen Sikandinebiya, da mafi yawan Birtaniya, kaurinta a wasu wurare ya kai kilomita 3, kuma saboda yawan ruwan da ya daskare a tudu sai teku ta ja baya, ta yi ƙasa da inda take yau da kamar mita 120.

To, da zamanin ya juya ta soma narkewa, sai ta sauke kayanta a inda ajalinta ya same ta. Dogon tudun ɓaraguzai da ta tara a bakin iyakarta shi ne moren, kuma tsibirin Long Island, wanda unguwannin Buruklin da Kwins na birnin Niyok suke a ƙarshensa na yamma, ƙashin bayansa moren biyu ne da suka miƙe daga yamma zuwa gabas. Kudu da su shimfiɗaɗɗen fili ne na yashi da tsakuwa wanda ruwan narkewa ya wanko ya baza, kuma a cikin wannan yashi ne ruwan shan mutum kusan miliyan 3 na gundumomin Nassau da Suffolk yake kwance, ba su da wani kogi da suke dogara da shi. Mai tsara birni da ya san wannan ya san cewa duk man da ya tsiyaya daga tankin gidan mai, da duk ƙazantar da ta tsatso daga masai, babu wani yumɓu a sama da zai tare ta, kai tsaye za ta gangara cikin rijiyar jama'a. Diramlin kuwa tudu ne mai tsawo, mai santsin baya, wanda ƙanƙara ta murɗe a ƙarƙashinta, gefensa mai tsauri yana duban inda ta fito. Tudun Bunker na Boston, wanda sunansa ya shiga tarihin yaƙin 'yancin Amurka a 1775, ɗaya ne daga cikinsu, haka ma da yawa daga tsibiran da ke cikin tashar jiragen ruwan birnin. Eska kuma gadon kogi ne wanda ya gudana a cikin rami ƙarƙashin ƙanƙara, da ta narke sai tsakuwarsa ta rage a tsaye, siririn tudu mai lanƙwasa, kuma 'yan kwangilar hanya ba su da abin so kamarsa. Da irin wannan tsakuwa ta ƙanƙara, wadda aka yi ta jigila a jirgin ƙasa daga garin Needham tun daga ƙarshen shekarun 1850, aka cike fadamar da ta zama unguwar Back Bay, aka kafa gidajenta a kan turakun itace da aka buga cikin taɓo. Turakun nan kuwa lafiyarsu ƙalau muddin suna nitse a ruwa, amma da zarar ruwan ƙarƙashin ƙasa ya sauka iska ta same su sai su soma ruɓewa, shi ya sa har yau akwai rijiyoyin awo a unguwar da ake leƙawa.

Amma a cikin dukan abin da ƙanƙara ta bari babu mai ban tsoro kamar wani irin yumɓu da ake samu a Norwe da Suwidin da gabashin Kanada. Asalinsa shi ne nauyin ƙanƙara ya danne ƙasa ta lotsa, da ta janye sai teku ta shigo ta kwanta a wurin, garin dutsen da aka niƙa ya zauna a ƙarƙashin ruwan gishiri, gishirin ya riƙe ƙwayoyinsa da juna. Daga baya ƙasar da aka sauke wa kaya ta soma tasowa a hankali, kamar yadda gaɓar tekun Botniya take tasowa har yau da kusan santimita 1 a shekara, tsohon gindin teku ya zama gona mai albarka, ruwan sama kuma ya yi dubban shekaru yana wanke gishirin. Abin da ya rage ƙasa ce wadda ido ba zai ga aibinta ba, ana noma ta, ana gini a kanta, amma in aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, ko rafi ya ci gindinta, sai ta narke nan take ta zama kamar kunu. Ranar 29 ga Afrilu 1978, a wani wuri da ake kira Rissa a Norwe, wani manomi yana faɗaɗa rumbun gonarsa, ya kwashe ƙasar da ya haƙa, kimanin kubik mita 700, ya jibge a bakin tafki. Bakin tafkin ya zame, zamewar ta riƙa cin ƙasa da baya-da-baya, gona bayan gona, har waɗanda suka tsaya nesa suka ɗauki hoton gidaje cikakku suna tafiya a kan laka zuwa tafki, rufinsu bai ko karkace ba. Rai ɗaya ya salwanta a ranar. A garin Ask na gundumar Gjerdrum kuwa, ranar 30 ga Disamba 2020, irin wannan yumɓu ya zame da asuba mutane suna barci, ya ci rai 10, kuma kwamitin da ya bincika ya gano cewa wani rafi ne ya daɗe yana zaizayar gindin gangaren.

Yana da kyau a tuna cewa Turawa su kansu ba su daɗe da fahimtar waɗannan alamomi ba, kuma da farko da idon addini suka karanta su, suka yi kuskure. Sun ga manyan duwatsu zaune a tsakiyar gonaki, irin dutsensu bai yi daidai da na wurin ba sai da na wani tsauni mai nisan tafiyar kwanaki, sai suka ce ruwan Ɗufana na zamanin Annabi Nuhu ne ya kawo su. Wani limamin kirista kuma malamin ilmin ƙasa a jami'ar Oksfod, William Buckland, ya wallafa littafi a 1823 yana kafa hujja a kan haka. Wani mafarauci ne a duwatsun Suwizalan, Jean-Pierre Perraudin, wanda ya saba ganin irin zanen da ƙanƙara take bari a jikin dutse, ya lura da wannan zane a can cikin kwari inda babu ƙanƙara a zamaninsa, ya gaya wa masu ilmi, suka yi jinkirin yarda. Sai a 1837 Louis Agassiz ya tsaya gaban taron masana a Neuchâtel ya bayyana cewa an yi wani zamani na ƙanƙara, kuma da ya zaga Sikotilan tare da Buckland a 1840 limamin nan ya riga ya sauka daga ra'ayinsa, bai kuwa bar addininsa ba. Wannan darasi ne ga masu gaggawar ɗaure aya ga kowane dutse da suka gani, domin in dutsen ya ƙaryata fassararsu sai jahili ya zaci ayar ce aka ƙaryata. Magabatanmu ba haka suka yi ba. Abu Raihan Albiruni, a littafinsa game da Hindu wanda ya kammala wajen 1030, ya lura cewa duwatsun da ake haƙowa a filin ƙasar mulmulallu ne, manya a kusa da tsaunuka inda koguna suke da ƙarfi, ƙanana in an yi nisa, sa'an nan yashi zalla a kusa da teku, sai ya hukunta cewa filin nan teku ne a da wanda koguna suka cike. Ya duba, ya auna, ya faɗi abin da ya gani, bai ga wani karo tsakanin wannan da imaninsa ba.

Idan aikin ƙanƙara ya ƙare tun tuni, sai gadonsa, aikin teku bai tsaya ba ko dare ɗaya. Raƙuman ruwa ba kasafai suke zuwa gaɓa kai tsaye ba, a karkace suke zuwa, su tura yashi sama a karkace, su janye shi ƙasa a miƙe, ta haka kowace ƙwayar yashi take matsawa gefe kaɗan-kaɗan, har ya zama bakin tekun da mutum yake gani a tsaye a haƙiƙa ayari ne mai wucewa. Inda gaɓa ta lanƙwashe yashin yakan ci gaba da tafiyarsa cikin ruwa ya zama harshen yashi. In ya haɗa tsibiri da tudu, shi ne tombolo. In kuwa ya kwanta dogo siriri a gaban gaɓa, da tafkin ruwan gishiri a bayansa, shi ne tsibirin kariya, wanda irinsa ya jeru a gabashin Amurka tun daga Niyok har Teksas. An kira shi na kariya ne saboda yana karɓar dukan guguwa a madadin tudun da ke bayansa, kuma hanyar da yake tsira ita ce ja da baya: guguwa ta kwashi yashin gabansa ta watsa a bayansa, shekara da shekaru, tsibirin yana mirginawa wajen tudu. Wanda ya kafa bene a kansa ya kafa abu mai tsayuwa a kan abin da rayuwarsa take cikin tafiya. Birnin Galbeston na Teksas a kan irin wannan tsibiri yake, kuma a 1900 wurin da ya fi ko'ina tudu a cikinsa bai kai mita 3 a kan teku ba. Ranar 8 ga Satumba guguwa ta ɗaga ruwa sama da mita 4, ta kashe mutum aƙalla 6,000, wasu ƙididdigar ma sun kai 12,000. A gaɓar Niyu Jazi, bayan guguwar watan Maris 1962 ta rushe gidajen da aka jera a kan jigayin bakin teku, wani malamin tsara ƙasa, Ian McHarg, ya bayyana a littafinsa na 1969 abin da Holandawa suka daɗe da sani, cewa jigawar farko da ke fuskantar teku ba ta jure gini, ba ta ma jure sawun ƙafa, domin ciyawar da ke kanta ce take riƙe da yashin, kuma in za a yi gini sai a can bayanta. An karanta littafin, an yaba, an sa shi cikin abin da ɗalibai suke nazari. Da guguwar Sandy ta zo a ƙarshen Oktoba 2012 ta tarar da gidaje a wuraren nan dai.

Yanzu sai mu koma ga mas'alarmu. Malaman tauhidi, musamman Shehu Muhammadu Sanusi na Tilimsana, wanda ya rasu a 1490 kuma littattafansa suka zama abin karatun zaure a ƙasashenmu, sun kasa hukunci gida uku: na hankali, da na shari'a, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu da abu saboda maimaituwa, tare da sanin cewa ɗayan ba shi yake halittar ɗayan ba, kuma saɓawar alaƙar ja'izi ce ga Allah. Wuta ba ta ƙonawa da ikon kanta, amma Allah ya gudanar da al'adarsa a kan halittar ƙuna a yayin da ta taɓa auduga. Wasu sun ji rabin farko na wannan magana suka kwanta, suka ce tun da sababi ba shi da tasiri, to, babu laifi a yi watsi da shi. Sun manta da rabi na biyu, cewa al'adar nan ta Allah ce, shi ya zaɓe ta, kuma keta ta mu'ujiza ce ga annabawa ko karama ga waliyyai, ba hakki ne da wani ɗan kwangila zai nema ba. Sunayen da ɗalibin can yake haddacewa, in aka duba da kyau, sunaye ne na al'adun Allah a cikin ƙasarsa: cewa yashi yana tafiya, cewa tsibirin kariya yana ja da baya, cewa yumɓun da gishirinsa ya wanke yana narkewa. Saboda haka wanda ya san haka, ya yanka wa mutane filaye a wurin, ya ce Allah zai tsare, tawakkalinsa a baki ne kawai. Abin da ya yi shi ne ya sharɗanta wa Ubangijinsa ya keta al'adarsa domin a sayar da fili, wannan kuwa rashin ladabi ne kafin ma a zo maganar zunubi.

Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya riga ya warware wannan shubuha, kuma abin sha'awa da siffar ƙasa ya warware ta. A shekarar annobar Amwas, da ya isa Sarg a kan hanyarsa ta zuwa Sham aka gaya masa cuta ta ɓarke, ya yi shawara, ya yanke komawa Madina. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ga ƙaddarar Allah, ya kuma buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, wanda duk gefen da ya kora dabbobinsa da ƙaddara ya kora su. Ba wanda zai yabi makiyayin da ya ga ciyawa ya zaɓi fako. Kuma Umar bai tsaya ga magana ba, domin masu tarihin Makka sun ruwaito cewa a zamanin halifancinsa wata ambaliya da ake kira ta Ummu Nahshal ta shiga Masallaci mai alfarma har ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga wurinsa, sai ya zo da kansa ya mayar da shi, sa'an nan ya sa aka gina madatsa ta duwatsu a saman gari don ta karkatar da ruwa. Makka a cikin kwari take, ruwa kuwa kwari yake bi, ko da a cikin kwarin akwai Ɗakin Allah. Umar ya san haka, bai ce alfarmar wurin ta ɗauke masa aikin gini ba.

Fiƙihu ma ya bi wannan hanya, ya ƙara da bayanin wanda alhaki yake kansa. A Muhtasar na Halilu da sharhohinsa an ambaci katangar da ta karkata, aka gargaɗi mai ita, yana da ikon gyarawa bai gyara ba, ta faɗi ta kashe mutum ko ta lalata dukiya: lamuni yana kansa. Ba wanda ya ce mamacin ya mutu kafin ajalinsa, ajali ɗaya ne ba ya gaba ba ya baya. Amma cikar ajalin wanda aka kashe ba ta taɓa zama hujjar mai kisa ba, in ba haka ba da babu ƙisasi babu diyya a cikin shari'a. Abin lura a mas'alar katanga shi ne gargaɗi, watau sani, domin taklifi yana bin ilmi da iko. Manomin Rissa da ya jibge ƙasa a bakin tafki bai san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ba. Mai takardar shaida kuwa an gargaɗe shi tun a aji, ya kuma tabbatar da an gargaɗe shi ranar da ya ci jarrabawa, har aka rubuta aka buga hatimi. Imamu Gazali ya lissafa likitanci da hisabi cikin farillan kifaya, saboda al'amuran duniya ba sa tsayuwa sai da su, kuma ban ga dalilin da zai fitar da ilmin sanin ƙasar da za a zaunar da mutane daga wannan hukunci ba, balle Ibn Haldun ya keɓe fasali a Muƙaddima game da abin da ya wajaba a kula da shi wajen zaɓen mazaunin birni, har ya zargi waɗanda suka kafa Kufa da Basra da Ƙairawan da cewa makiyayar raƙumansu kawai suka duba. Farillar kifaya kuwa, in wani ya ɗauka ta sauka daga kan jama'a, amma ta tattaru ne a wuyan wanda ya ɗauka.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi abin da ake iya cewa a ɗaya ɓangaren, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Da yawa daga ɓarnar gaɓar teku masu ilmi ne suka jawo ta, da taswira a hannunsu. A Ikko, tun daga 1908 Turawan mulki suka soma gina dogayen katangun dutse a bakin mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe ta. Tashar ta gyaru, amma yashin da yake tafiya daga yamma zuwa gabas ya taru a bayan katangar yamma, gaɓar Bar Beach da ke gabas ta rasa abincinta, teku ta yi kusan ƙarni tana cin ta. A Sanluwi ta Senegal kuwa, inda wani dogon harshen yashi ya raba kogi da teku, a watan Oktoba 2003 kogin ya cika yana barazanar cin gari, sai aka yanka hanya mai faɗin mita 4 a jikin yashin don ruwa ya fita. Gari ya tsira a shekarar, amma cikin 'yan kwanaki kafar ta kai mita 200, bayan shekaru ta zama kilomitoci, ruwan gishiri ya kashe gonaki, ƙauyen Doun Baba Dieye ya tashi, masunta da yawa suka halaka a bakin kafar. Waɗanda suka yanka ta alheri suka nufa, kuma sababi suka riƙa. Abin da wannan yake nunawa shi ne ilmin da aka tsaya a rabinsa, aka san abin da ruwa zai yi gobe ba a tambayi abin da yashi zai yi baɗi ba, yana iya fin jahilci ɓarna, domin jahili ba shi da injin haƙa. Sa'an nan ga talaka: masuntan unguwar Get Ndar da ke kan wannan harshen yashi sun fi kowane mai takarda sanin halin teku, amma jirginsu a nan yake, kaburburan iyayensu a nan suke, kuma wanda aka ce ya tashi ba a nuna masa inda zai sauka da abin da zai ci ba, uzurinsa a fili yake. Hukuncin da muke magana a kansa na mai zaɓi ne.

Holandawa, waɗanda kimanin rubu'in ƙasarsu yake ƙasa da teku, su ne suka fi kowa nisa a riƙon sababi: bayan ambaliyar daren 31 ga Janairu 1953, wadda ta ci rai 1,836, sun yi shekaru fiye da 40 suna gina madatsu da ƙofofin ƙarfe a bakin kogunansu. Amma abin da ya fi burge ni shi ne abin da suka yi daga baya, da suka gane cewa katanga kaɗai ba ta isa ba: suka soma matsar da ganuwar koguna baya don su bar wa ruwa wurin kwanciya, kuma a 2011 suka zuba yashi kubik mita miliyan 21 da rabi a wuri ɗaya kudu da birnin Heg, suka bar wa igiyar ruwa da iska aikin rarraba shi a gaɓa bisa al'adarsu. Haka Amurkawa suka yi da hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Hatteras, wadda aka gina a 1870 da tazarar kimanin mita 450 daga teku, teku ta biyo ta har saura ƙasa da mita 40. A 1999 suka ɗaga ta ɗungum, suka ɗora a kan dogo, suka ja ta baya mita 880. A wurina wannan ya fi kusa da ma'anar tawakkali fiye da taurin kan mai cewa ba zai gusa ba, domin wanda ya ja baya ya yarda cewa mulkin ba nasa ba ne, ya kuma yi abin da aka ɗora masa.

Kada mai karatu na Kano ko Damagaram ya ce wannan zancen mutanen bakin teku ne. Birnin Maiduguri a kan tsohuwar gaɓa yake zaune, domin dogon tudun yashin nan da ya bi ta cikinsa ya nufi Bama, ya tsallaka Kamaru har Yagwa, bakin ruwa ne na babban tafkin Cadi na da, wanda kimanin shekara 7,000 da suka wuce faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, kuma kwalekwalen da aka tono a Dufuna ta jihar Yobe a 1987, mai shekara kamar 8,000, shaida ne a kan irin ruwan da ya taɓa kwanciya a yankin. Kogin Ngadda yana ratsa wannan tudu ne ya bazu a kwarin Jere, kuma ruwan da ya ci birnin a 1994, ya sake cinsa a Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ƙasa-ƙasa ya bi kamar yadda ruwa ya saba. Kakanninmu sun bambanta tudu da fadama, da jigawa da kwari, sun san inda ake kafa gida da inda ake shuka rake, kuma a garuruwanmu da yawa yau an cike kududdufan da suke shanye ruwan damina an yanka su filaye, da takarda da hatimi.

Roƙona ga malamanmu masu hawa mumbari shi ne, in ruwa ya ci unguwa, bayan an yi wa mamata addu'a an ba masu rai haƙuri da ƙaddara, kamar yadda ya wajaba, kada a sauko sai an ƙara da cewa a fito da taswirar wurin, a ga ko hanyar ruwa ce tun asali, a kuma ga sunan wanda ya sa hannu aka yanka ta.